Doki Nawa Ne a Cikin Injinka? Yadda Ake Auna Ƙarfin Ƙananan Injuna da Yadda Za Ka Gane na Gaskiya

A layin masu injuna na Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, haka ma a shagunan Haɗeja da Kura idan noman rani ya gabato, ba a fara ciniki da maganar kuɗi. Da lamba ake farawa. "Alhaji, wannan nawa ne ƙarfinsa?" "Shida da rabi ne, malam. Ga bakwai da rabi can, amma fa sai ka ƙara wani abu." Sai ka duba ka ga injunan biyu girmansu ɗaya, tankinsu ɗaya, igiyar tayarwarsu ɗaya. Bambancin kawai takardar da aka manna a kan murfi.

Lambar nan da ake rubuta HP a gabanta, wato ƙarfin doki, tana da ma'ana kuma akwai yadda ake auna ta. Sai dai an auna ta ne a ɗaki mai sanyi, da sabon inji, a iyakar gudunsa, na ɗan lokaci. Ƙarfin da za ka samu a bakin rijiyarka a watan Afrilu wani abu ne daban. A lissafina, manomi ya ɗauka cewa kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta shi ne nasa, kuma a ƙasa zan nuna inda ragowar kashi ɗayan yake tafiya.

Mene ne doki ɗaya?

James Watt, injiniyan nan na Birtaniya mai ƙera injin tururi, shi ya kafa ma'aunin a wajen 1780. Masu sayen injinsa da dawakai suke juya na'urorinsu, don haka tambayarsu ɗaya ce: injin nan zai maye gurbin doki nawa? Sai ya tsayar da cewa doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya. A ma'aunin da muka saba, wannan kusan kilo 76 ke nan a ɗaga shi mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Ka ɗauka buhun taki ɗaya da rabi ne ake ɗagawa zuwa ƙugun mutum, daƙiƙa bayan daƙiƙa, babu hutu. Ƙaƙƙarfan mutum da ke jan ruwa da jigo tun safe har azahar ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan.

A lissafin lantarki doki ɗaya wat 746 ne. Kilowat ɗaya kuma doki 1.34 ne. Ka riƙe waɗannan biyun, domin injuna da yawa da kW ake rubuta ƙarfinsu. Idan kuma ka ga PS a jikin injin Japan ko na Jamus, shi ma doki ne, amma ɗan ƙarami kaɗan, wat 735.5. Bambancin bai kai a ɓata lokaci a kansa ba.

Yadda ake aunawa a masana'anta

Babu wata na'ura da ake sokawa a cikin inji ta ƙirga dawakai. Abu biyu ake aunawa, sannan a yi lissafi. Na farko ƙarfin murɗawar sandar da ke fitowa daga inji, wadda fuli ko fanfon ruwa ke ɗaure a jikinta. Na biyu yawan juyin da sandar take yi a minti, wanda ake rubuta rpm.

Ana ɗaure injin a kan na'urar da ake kira dainamomita. Aikinta riƙe sandar, kamar birki. Wani Bafaranshe mai suna Gaspard de Prony ne ya fito da mai sauƙin cikinsu a 1821: katako biyu ne ke matse sandar, da wani dogon hannu da ke danna sikeli. A buɗe wa inji mai har ƙarshe, a riƙa matse katakon sannu a hankali har gudun ya sauko ya tsaya daidai inda ake so, sai a karanta nauyin da hannun ya danna. Na zamani da ruwa ko da maganaɗisun lantarki suke riƙe sandar, kwamfuta kuma tana rubutawa, amma dabarar ba ta canja ba.

Ana rubuta ƙarfin murɗawa da Nm. Nm 10 kusan daidai yake da a rataya kilo ɗaya a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Lissafin kuwa ga shi: ka ninka Nm da juyi a minti, ka raba da 9,550, abin da ya fito kilowat ne. Injin Honda GX160, wanda galibin injunan ban ruwa na inci uku shi ne ko kwaikwayonsa, yana murɗawa da kimanin Nm 9.5 a juyi 3,600. Ninka su ka raba, za ka samu kilowat 3.6, wato doki 4.8.

A nan ne ake gane abin da ke ɗaure wa masu niƙa kai. Tsohon injin Lista mai silinda ɗaya, samfurin 6/1 da aka fara ƙerawa a Ingila kuma har yanzu ake kwaikwayonsa a Rajkot ta Indiya, doki 6 ne kacal. Amma a juyi 650 yake ba da su. Idan ka juya lissafin baya, za ka ga yana murɗawa da kusan Nm 66, ninki bakwai na ɗan injin fetur. Ga kuma manyan wilinsa na ƙarfe guda biyu da ke ajiye ƙarfin juyi, ta yadda ko an zuba masara da yawa a lokaci guda ba ya shaƙewa. A takarda shi da ɗan injin fetur kusan sa'o'in juna ne. A wurin niƙa kuwa ɗayan yana tafiya tun safe har dare yana "tum, tum, tum", ɗayan kuma yana ihu yana neman mutuwa da zarar dutse ya kama. Saboda haka lambar doki da babu rpm a gefenta rabin magana ce.

Inji ɗaya, lamba uku

Ƙungiyar injiniyoyi ta SAE da ke Amurka ita ta tsara ƙa'idojin gwajin da yawancin kamfanoni ke ambata. A ƙa'idar J1995, ana gwada inji ba tare da matatar iska da salansarsa ta ainihi ba. Inji kuwa idan ya sha iska babu shamaki, ya fitar da hayaƙi babu shamaki, dole lambarsa ta hau. Wannan shi ne abin da takarda ke kira Gross. A ƙa'idar J1349 kuma ana gwada shi da kayansa duka a jiki, yadda za ka ɗauko shi daga shago. Shi ne Net. Akwai kuma J1940, wadda ta shafi yadda ƙananan injuna za su bayyana lambar a jikinsu.

Dubi yadda abin ya shafi injunan da muka sani. GX160 da aka daɗe ana kira biyar da rabi, a ma'aunin Net 4.8 ne. GX200 da kowa ke kira shida da rabi, tsakanin 5.5 da 5.8 yake, gwargwadon samfuri. GX390 da ake kira sha uku, 11.7 ne. Injin bai canja ba, ma'auni ne ya canja. Masu kwaikwayo kuwa sun riƙe tsohuwar lambar, wasunsu ma sun ƙara mata gishiri.

Lamba ta uku ita ce ta aikin yini, wadda injin zai iya riƙewa awa da awanni ba tare da ya ƙone kansa ba. Ga GX160, kamfanin ya sa ta a kilowat 2.9 idan yana juyi 3,600, wato doki 3.9, sannan kilowat 2.5 idan yana juyi 3,000. Ka ga daga biyar da rabi mun sauko ƙasa da huɗu, tun ba mu fita daga masana'anta ba. Injunan dizal na Sin masu tukunyar ruwa a ka sun fi fitowa fili a kan wannan. A farantin S195, misali, akan rubuta ƙarfin awa 1 da ƙarfin awa 12 daban-daban, kuma na awa 12, wato doki 12 a juyi 2,000, shi ne na mai aiki.

Ba mu kaɗai wannan lamba ta ruɗa ba. A Amurka masu sayen injin yankan ciyawa sun kai manyan kamfanoni ƙara, suna cewa ana manna lambobi daban-daban a kan inji iri ɗaya ana sayar da mai babbar lamba da tsada. A 2010 aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 65, ko da yake kamfanonin ba su amsa laifi ba. A wajen wannan lokaci ne kamfanoni irin su Briggs & Stratton suka koma rubuta ƙarfin murɗawa da girman silinda a kan ƙananan injunansu maimakon doki. A can kotu ta shiga tsakani. A nan kuwa idonka da lissafinka su ne za su tsaya maka.

Abin da Kano da Jigawa ke cirewa

Gwajin Net ana daidaita shi ne a kan zafin digiri 25 da iskar da ta yi kusa da ta bakin teku. Inji da iska yake ƙona mai, kuma iska tana yin shakaf idan aka hau tudu ko zafi ya ƙaru. Ƙa'idar da masu ƙera injuna ke bayarwa ita ce a cire kimanin kashi 3 zuwa 3.5 cikin ɗari a kowace mita 300 ta tudu, da kashi 1 a kowane ƙarin digiri 5 zuwa 6. Birnin Kano yana kusan mita 480 sama da teku, kwarin Haɗeja ya ɗan fi ƙasa. A bazara kuma zafi yana kai digiri 40. Haɗa su, kusan kashi 8 ya tafi.

To ga lissafin injin shida da rabi. Da kayansa a jiki, 5.5. Cire na tudu da zafi, saura kamar 5. Ka bar masa sarari na kashi 15 don aikin yini, saura 4.3. Kashi biyu cikin uku ke nan na abin da ke kan murfi, kuma wannan idan injin lafiyayye ne, girman silindarsa kuma gaskiya aka faɗa.

Ban sa ƙura a lissafin ba domin ita ba ta da lamba tsayayya, amma a hunturu ita ce babbar ɓarauniya. Soson matatar iska idan ya toshe, injin zai sha mai fiye da iska, ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya faɗi. Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi na cire soson gaba ɗaya don inji "ya numfasa". Zai numfasa na ɗan lokaci, sannan ƙurar ta cinye zoben fistin da bangon silinda, daga nan babu bakaniken da zai dawo da ƙarfin sai an sauya kaya.

Mataki na farko: fara daga gonar, ba daga shago ba

Kafin ka je kasuwa ka san doki nawa aikinka yake buƙata. Ga mai ban ruwa abu biyu ne: yawan ruwa da nisan hawansa.

A ce kana da eka ɗaya ta albasa ko tumatir a fadamar Auyo ko Garun Malam, kana son ka ba ta ruwa mai zurfin santimita 5. Eka kusan murabba'in mita 4,000 ce, don haka lita 200,000 kake nema. Idan kana son gamawa a awa 6, kana buƙatar kusan lita 10 a daƙiƙa.

Sai hawa. Auna daga fuskar ruwa zuwa bakin inji, kuma ka auna shi lokacin da injin ke aiki, domin ruwan 'yar burtsatsen fadama yana sauka da zarar an fara ja. A ce mita 5. Auna daga inji zuwa mafi tudun wurin da ruwan zai zuba. A ce mita 3. Saura wanda ba a gani da ido, wato gogayyar ruwa da cikin tiyo. Lita 10 a daƙiƙa a cikin tiyo mai inci uku tana cin kamar mita 7 a kowace mita 100 ta tsawo. Idan tiyonka mita 60 ne, ƙara mita 4. Jimla mita 12.

Yanzu ninka lita da mita, ka raba da 76. Goma sau 12, a raba da 76, ya ba da doki 1.6. Wannan shi ne aikin da ruwan kansa ya karɓa. Amma ƙananan fanfunan nan kusan rabin abin da inji ya ba su suke miƙa wa ruwa, sauran yana ɓacewa a cikin gidan fanka. Don haka ninka biyu: 3.2. Wannan ne ƙarfin da dole injin ya riƙe awa shida. Da ƙa'idar kashi biyu cikin uku, kana neman injin da aka rubuta wa kusan 5. Ashe biyar da rabi na gaskiya ya ishe ka, shida da rabi kuma zai yi aikin cikin walwala. Wanda ya ce sai ka sayi sha uku, fetur kawai zai sa ka ƙona.

Abu biyu ne ƙarin doki ba ya magancewa, kuma a kansu ake yawan asarar kuɗi. Na farko zurfi. Ba inji ne ke janyo ruwa daga ƙasa ba, nauyin iskar sama ne ke tura shi cikin mesa bayan fanfo ya kwashe iskar ciki. Iyakar wannan turi a bakin teku mita 10.3 ne, a aikace kuma mita 7 zuwa 8, a tudunmu ma ƙasa da haka. Idan ruwan rijiyarka ya sauka ƙasa da wannan a watan Afrilu, ko doki ashirin ka kawo ba zai hau ba. Abin da manoma suka daɗe suna yi shi ne daidai: a haƙa rami a sauke injin kusa da ruwa. Na biyu ƙaramin tiyo. Idan ka tura ruwan da ya dace da inci uku ta cikin inci biyu, gogayya tana ninkuwa fiye da sau bakwai. Mita 4 ɗin nan ta zama kusan 30, wadda ta kai ko ta wuce iyakar hawan yawancin fanfunan. Kuɗin da za ka ƙara a kan babban inji gara ka sa shi a tiyo mai faɗi.

Ka kuma lura da lambobi biyu da ke jikin fanfo, misali lita 1,000 a minti da hawan mita 25 ko 30. Ba a samunsu tare. Lita dubun nan sai idan babu hawa ko kaɗan, mita talatin ɗin kuma a nan ne ruwa ke tsayawa cak.

Mataki na biyu: karanta ƙarfe, ka bar takarda

A shago ka tsuguna ka duba gindin injin, gefen da ake zuba baƙin mai. A nan akan buga lamba a jikin ƙarfen kansa, wani lokaci sai ka goge da yatsa kafin ta fito. A injunan Sin za ka ga abu kamar 168F. Ɗaya na nufin silinda ɗaya, 68 faɗin silindar ne a milimita, F kuma na nufin iska ke sanyaya shi. 168F zalla yawanci cc 163 ne (cc shi ne awon girman cikin silinda). Mai ƙarin alama, 168F-1 ko 168FB, faɗinsa ɗaya amma tafiyar fistinsa milimita 54 ce maimakon 45, shi ya sa ya zama cc 196. 170F yana wajen cc 210. 188F cc 389 ne, 190F kuma cc 420.

Da zarar ka san cc, ka gama da mai shago. A irin waɗannan injunan fetur masu wurin baƙin mai daban, raba cc da 30 zai ba ka lambar talla, raba shi da 34 zai ba ka kusan ƙarfinsa da kaya a jiki. Gwada ka gani: 163, 196 da 389 idan ka raba su da 30 suna ba da 5.4, 6.5 da 13. Don haka idan an buga 168F-1 a ƙarfe amma murfi yana cewa 8 ko 9, murfin ne ya yi ƙarya. Wannan ƙa'ida ba ta hau kan injunan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya ba, irin na feshi da na yankan itace, kuma ba ta hau kan dizal ba.

Sannan ka ɗaga shi. Inji mai cc 163 ko 196 shi kaɗai, ba tare da fanfo ba, kilo 15 zuwa 16 ne. Mai cc 389 ya haura kilo 30. Duk injin da aka ce maka sha uku ne amma ka ɗauke shi da hannu ɗaya, ajiye shi ka yi sallama.

Idan akwai ɗan littafi a kwali, nemi layin da ke da kW da rpm tare. Kamfanin da ya rubuta Net ko ya ambaci J1349 ya fi ba ni natsuwa a kan wanda ya zana babbar lamba da jan fenti ya yi shiru.

Mataki na uku: gwaji da duro da kwalba

Ka yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka gwada a gona. Kayan gwajin duk suna gida: duro mai lita 200, wayar hannu mai agogon ƙirga daƙiƙa, da gorar ruwa da ka san awonta.

Kafa injin a inda zai zauna, da mesa da tiyon da za ka yi aiki da su. Bar shi ya yi minti goma ya ɗau zafi, ruwan rijiya kuma ya sauka ya daidaita. Sai yaro ɗaya ya riƙe bakin tiyo da hannu biyu, domin ruwan yana fizga, ya juya shi cikin duro a daidai lokacin da ka danna agogo. Idan duro ya cika a daƙiƙa 20, lita 10 kake samu. Idan sai da ya kai 40, lita 5 ce, kuma ekar nan za ta ci maka awa 11 maimakon 6. Maimaita sau biyu ko uku ka ɗauki matsakaici. Kafin ka zargi inji, shafa hannu a mahaɗar mesa ka saurara. Ɗan ramin da ke shan iska a ɓangaren ja yana rage ruwa fiye da rashin doki ɗaya, kuma alamarsa ita ce ruwan yana fita yana tofi da kumfa.

Sai gwajin mai. Cika tanki zuwa wata alama, yi aiki awa ɗaya cur, sannan ka auna abin da ka ƙara har ya dawo alamar. GX160 a cikakken aikin yini yana shan kimanin lita 1.4 a awa, GX200 lita 1.7, GX390 kuma lita 3.5. Wato lita ɗaya ta fetur a awa tana haifar da doki biyu da rabi zuwa uku, ba ta wuce haka. Dizal ya fi auki, lita ɗaya tana kai doki huɗu. Injin da ke aiki iya ƙarfinsa yana shan lita ɗaya da rabi ba zai zama doki tara ba, kome aka rubuta. Amma kada ka juya maganar. Shan mai da yawa ba shaidar ƙarfi ba ce, kafireto mai matsala ma yana sha.

Janareta

Wutar Najeriya zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka ƙananan janaretocinmu a juyi 3,000 suke tafiya, ba 3,600 da aka auna dokin a kai ba. Injin cc 196 a wannan gudu yana riƙe kimanin kilowat 3.3, kan janaretan kuma yana cin nasa kaso wajen mai da juyi wuta. Abin da ke isowa soket kilowat 2 zuwa 2.5 ne. Ƙa'ida mai sauƙi: kusan doki uku na murfi, kilowat ɗaya na wuta. Manyan lambobin da ke jikin tanki, 3500 ko 3800, galibi sunan samfuri ne. Ko ɗan ƙaramin nan na masu shayi da masu cajin waya da aka rubuta wa 950, abin da yake iya riƙewa kusan wat 650 ne. Idan kuma da kVA aka rubuta, duba farantin ko akwai 0.8 a kai. In akwai, ninka da shi kafin ka samu kilowat.

Mitar masu gyaran lantarki mai nuna Hz, wato yawan zagayen wuta a daƙiƙa, ita ce mafi arhar hanyar sanin gudun janareta. Babu kaya a kai za ka ga 51 ko 52. Riƙa ƙara kaya, dutsen guga na wat 1,000 ya dace da wannan gwaji, kana kallon mita. Inda ta faɗi ƙasa da 48, muryar injin kuma ta yi nauyi, nan ne iyakarsa. Firiza da fanfon burtsatse kuma suna fizgar ninki uku ko fiye na wutarsu a lokacin tashi, sai a bar musu wuri.

Niƙa, casa da maganar gwamna

Injin da ke aiki da bel yana buƙatar fuli ya dace, in ba haka ba dokin yana nan amma ba ya isa wurin aiki. Faɗin fulin inji sau juyinsa daidai yake da faɗin fulin na'ura sau nata juyin. Idan injinka yana 3,600, na'urar kuma 900 take so, fulinta ya zama ninki huɗu na na inji: inci 3 a nan, inci 12 a can. Gudu ya ragu sau huɗu, murɗawa ta ƙaru kusan sau huɗu. Wanda ya sa wa inji babban fuli don niƙa ta yi sauri, ya tilasta masa aiki a ƙasa da gudun da yake da ƙarfi, sai zafi da hayaƙi. Bel mai santsi ko sako-sako shi ma yana zubar da ƙarfi, kuma za ka ji shi da hannu, domin fulin zai yi zafi.

Akwai kuma gyaran da ake yi a gindin bishiya wanda ba na goyon baya. Manomi ya kawo inji ya ce ba ya ja, sai bakanike ya ɗauko filaya ya taƙaita sifirin ɗin gwamna, ko ya kwance ƙusar da ke tare maƙura. Inji ya ɗau kuka, mai shi ya yi murmushi ya ce yanzu ya dawo. Gwamna shi ne ke tsare gudu a wajen 3,600, yana ƙara mai idan kaya ya yi nauyi, yana ragewa idan ya yi sauƙi. A fanfon ruwa, ƙarfin da fanka ke nema yana hawa da gudu ninki uku a jere: ƙara gudu da kashi 10, ruwa ya ƙaru da kashi 10, amma ƙarfin da ake buƙata ya ƙaru da kashi 33. Fetur da zafi su ne ke biyan bambancin, sannan sandar fistin ta aluminiyam da wilin da ba a ƙera su don wannan gudu ba suna iya tsinkewa. Akasin haka ya fi riba. Idan ruwan ya wadatar, sassauta maƙura kaɗan, za ka rasa ruwa kaɗan ka tsira da mai mai yawa. Injin da ya daina ja kuwa, a fara duba matatar iska, fulogi, tazarar bawul da matsin silinda.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu ban ruwa da yawa a Kano da Jigawa sun sauya kafireto sun koma gas ɗin girki. Yana rage kashe kuɗi a wurare da dama, amma gas yana cin wurin iska a hanyar shiga silinda, don haka ƙarfi yakan ragu da abin da ya kai kashi 10. Injin da dama da ƙyar yake riƙe aikinsa a kan fetur zai nuna gazawa a kan gas. Mai niyyar sauyawa ya sa wannan a lissafi tun a mataki na farko, ya ɗauki cc 196 a inda cc 163 zai isa. Mai komawa fanfon sola kuma ya sani cewa dokin da ke jikin motar lantarki na aikin yini ne, kuma abin da take bayarwa ne, ba abin da take ci ba. Mota mai doki ɗaya tana jan kusan wat 1,000 ko fiye, faifan sola kuma ba ya ba da cikakkiyar lambarsa a zafin bazara da hazon hunturu, don haka akan haɗa mata faifan da jimlarsu ta kai wat 1,300 zuwa 1,500.